Ku Riƙe Wayar, Ku Dawo wa Mma da Yadinta

Zuwa ga Alhaji, mai kamfanin jigilar kaya daga Saudiyya zuwa Accra, wanda ofishinsa ke bakin babban titin Nima.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa irin ta addini da ta zumunci, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara da dukkan waɗanda ke cin abinci a ƙarƙashinka. Ina kuma yi maka barka da dawowa, idan ka dawo, domin duk zuwan da na yi ofishinka ce mini ake yi ka yi tafiya.

Sunana Salamatu, 'yar marigayi Malam Issah tela, ina zaune a Maamobi, ina sayar da kayan miya a kasuwar Nima. Ban rubuta sunanka ba, ban kuma rubuta sunan kamfaninka ba. Ba tsoro ne ya hana ni ba, mahaifiyata ce ta hana. Ta ce ba za a tozarta ɗan ƙawarta a bainar jama'a saboda ita ba. Amma kai ka san kanka, kuma ka san ta. Ita ce Mma Adiza mai albasa, wadda rumfarta ke jingine da ta marigayiya mahaifiyarka a kasuwar Agbogbloshie. Har yanzu idan aka ambace ka sai ta yi murmushi, ta ce yaron nan da ba ya shan miyar kuɓewa sai an yi masa ta kuka daban. Saboda haka a wurina kai yaya ne, kuma da bakin ƙanwa nake maka magana, ko da maganar ta yi ɗaci.

Na so a ce wannan zance ya tsaya tsakaninmu. Na je ofis, na buga waya, na roƙi Limamin masallacin lungunmu ya aika maka. Ban samu ganinka ba, ban kuma san ko saƙon ya kai kunnenka ba. Shi ya sa na fito fili. Na rubuta da Hausa don da ita Mma take kuka, da ita kuma mahaifiyarka ta rene ka. Turancin da aka yi ta amsa mini da shi a kantarku ya ishe ni haka.

Abin da ya ɓace a cikin kwalinmu abu biyu ne: waya da farin yadi. Ba don wayar na rubuto ba. Kafin in jera maka abin da ya faru, bari in gaya maka ko wane yadi ne, domin ma'aikatanka sun ɗauka zanin gado nake wa wannan zarya.

Lokacin da ciwon Baba ya yi nisa, shi da kansa ya aiki Mma ta sayo bandir ɗin alawayyo, don tela ne, ba ya son a yi masa gaggawar yadi ranar da ba zai iya dubawa ba. Da ribar albasarta ta saya. Da Allah ya karɓi ransa aka yanki rabi aka yi masa likkafani. Sauran rabin ta naɗe ta sa a gindin akwatinta, ta ce nata ne. Ranar da ta fita takaba, da ta sa lalle karon farko, ta danna babban yatsanta a gefen yadin, wai don kada wani cikinmu ya yanka ya yi rigar makaranta ko rigar matashi. Muka yi mata dariya a lokacin. Tabon yatsan nan ja yana nan a kusurwa, wanki bai fitar da shi ba.

Mma ba ta je Makka ba. Ba don ba ta yi niyya ba. Shekara da shekaru tana zubi, amma duk sa'ad da kuɗin kujera ya kusa haɗuwa sai wata lalura ta riga ta. Shekarar da babbar gota, magudanar ruwan unguwarmu, ta cika ta shigo mana ɗaki, a gyaran gida ya tafi. Aka sake tarawa, jinyar Baba ta cinye. Na ƙarshe ta miƙa wa ƙanena Fuseini, da ya samu aikin tuƙin tankar ruwa a wata gona a Saudiyya. Ƙawayenta duk sun zama Hajiya, sun dawo da haƙorin Makka, ita tana nan Mma Adiza. Ba ta taɓa nuna hassada ba. Ita ke zuwa taryarsu, ita ke dafa musu abincin sauka.

Safiyar da Fuseini zai tashi, ta ciro yadin nan ta sa masa a jaka da hannunta. Ta ce tunda ƙafarta ba za ta kai ba, to yadinta ya je. Ya wanke mata shi da ruwan Zamzam, ya shanya a ranar Makka, ya dawo mata da shi. Na san abin da malamai ke faɗa, cewa yadi ba ya ceton kowa sai aikinsa. Liman ma ya gaya mata. Ta ce ta sani, ita ba tikitin Aljanna take nema ba, so take kawai abin da ya je can ya taɓa jikinta.

Gonar da Fuseini ke aiki tana da nisa da Makka, kuma ubangidansa ba mai saurin ba da izini ba ne. Shekaru ya yi yana roƙo kafin a bar shi ya je Umara. Ranar da ya je, ya kira mu ta bidiyo. Muka ga yadin a shanye a kan katangar masaukinsu yana ɗiga, shi kuma yana tsaye a gefe yana kuka kamar ƙaramin yaro. Idon Mma ya yi rauni, gilashin wayata kuma a fashe yake, don haka ba ta gani sosai ba. Abin da ta tambaya kawai shi ne ko yatsanta na nan. Ya kawo kusurwar dab da waya, na ce mata yana nan. Ranar ta sa na dafa shinkafa da kaza aka raba wa maƙwabta.

Shirinmu shi ne ya riƙe yadin har ya gama kwantiraginsa ya kawo da hannunsa. Amma tun bayan azumi jikin Mma ya juya. Ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi gajere, muna asibiti muna gida. Wata rana likita ya kira ni gefe ya yi mini maganar da ake yi wa babbar 'ya. Na fito na kira Fuseini na ce ya aiko. Shi ya so ya jira ya samu mai tahowa wanda zai riƙo a hannu. Ni na ce babu lokacin jira, ga kamfanin Yaya Alhaji, namu ne, kayan Mma ba zai ɓata a hannun ɗan ƙawarta ba. Ni na zaɓe ka, Alhaji. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai idan na zauna ni kaɗai.

Ga abin da ya faru daga nan, a jere.

Na ɗaya, abin da aka sa a kwalin. Fuseini ya ɗauki bidiyon ɗaure kayan tun daga farko har ƙarshe, yana nan a wayata, duk mai son gani ya zo ya gani. Akwai dabino, da casbi, da turare, da sallaya, da jallabiyoyin yarana. A can ƙasa ya shimfiɗa yadin. A tsakiyar naɗinsa ya cusa sabuwar waya da ya saya mini, don Mma ta riƙa ganin fuskarsa da kyau. Kai ma ka san haka muke yi, abu mai daraja a tsakiyar zane ake naɗe shi, tun iyayenmu na aiko da kaya daga arewa a motar goro. Ya kuma yi tunanin babu mai tsoron Allah da zai warware irin wannan farin yadi. A nan ya yi kuskure, kuma ya san ya yi. Da bai sa wayar ba, na tabbata da babu wanda zai kalli alawayyo sau biyu.

Na biyu, takardar kaya. An ce mini ba a rubuta yadi a cikinta ba, ba a rubuta waya ba, don haka a wurin kamfani babu su. Ta waya gaskiya ne, bai rubuta ba don gudun ƙarin kuɗi, laifinmu ne, mun ɗauka. Amma yadin fa, Alhaji? Wakilinka na Jidda ya miƙa masa biro ya ce ya rubuta abin da ke ciki. Ina tambayarka tsakaninka da Allah, da marigayiya mahaifiyarka na da rai, tana zaune tana shan kokonta, za ka iya kama biro ka rubuta likkafanin uwata da hannunka? Fuseini ya kasa. Ya rubuta tufafi, sannan ya gaya wa wakilin da baki, a hankali. Wakilin ɗan unguwar Kotobabi ne ta nan Accra, ya gane nan take, har ya yi addu'a Allah ya sa a daɗe ba a buƙace shi ba. Ka tambaye shi. Idan ya ce bai tuna ba, ka sa ya kalli fuskar Fuseini ya faɗa.

Na uku, karɓar kaya. Da aka kira ni na zo ofis na sa hannu, ban buɗe kwalin ba. Wannan ce sandar da aka fi dukana da ita. An nuna mini wata sanarwa a bango, da Turanci, wai duk wanda bai buɗe kayansa a gaban kanta ba ya bar bakin ƙorafi. Na ga sanarwar, ina kuma karanta Turanci daidai gwargwado. Amma kwalin ba nawa ba ne, sunan Mma ne a kai. A gidan da na tashi, 'ya ba ta riga uwarta buɗe aiken da ɗanta ya yi mata. Ko da na riga ta, a ina zan warware shi? A kan kantar da mutane ke layi, rediyo na kiɗa, wani na jayayya a kan firjinsa, in baje likkafanin uwata ana leƙe? Wanda ya rubuta sanarwar nan ya yi tunanin takalma da atamfa ne kawai ake aikowa. Na ɗauki kwalin a rufe, na sa a tasi, da muka zo inda mota ba ta shiga na aza shi a kaina har gida. Ban bari kowa ya ɗauka ba.

Na huɗu, buɗewa. Mma ta sa na taimaka mata ta yi alwala, ta canza mayafi, ta aika aka kira maƙwabciyarmu Mma Memuna, wadda suka tsufa tare. Saman kwalin lafiya lau yake, da salatef ɗin Fuseini mai ruwan ƙasa, da rubutunsa a kai. Ta yi bismillah ta yanka. Ta fitar da dabino ta ajiye ba ta ko kalla ba, haka turare, haka sallaya. Ta zura hannu har ƙasa. Abin da ta ciro tsofaffin jaridu ne a cukuikuye. Jaridun nan na Ghana ne, Alhaji, da hotunan 'yan ƙwallonmu a jiki. Ɗaya ma duk maiƙo ne, tana warin soyayyar doya da barkono, wani ya ci abinci a kanta kafin ya cusa. Ban san ana sayar da jaridar Accra a Jidda ba. Da na kifa kwalin sai na ga an tsaga shi ta ƙasa, an mayar an liƙe da salatef mai launin kamfaninka.

Ba ta yi kuka ba. Na fi so a ce ta yi. Ci gaba ta yi da lalube a cikin kwalin bayan ya zama wayam, tana shafa kusurwa kusurwa, har Mma Memuna ta kama hannunta ta riƙe. Can ta ce in kawo faranti. Ta raba dabinon gida gida kamar yadda ake yi da tsarabar Makka, ta sa na zaga da shi, don maƙwabta sun san kaya ya iso kuma suna da haƙƙi. Na shiga gidaje ana yi mini barka, ina amsawa. Ban taɓa yin aike mai nauyin wannan ba.

Na biyar, amsar da na samu a ofishinka. Washegari na koma da kwalin da jaridun da bidiyon. Yarinyar da ke kanta ta ce na riga na sa hannu. Na ce a kira mini babba. Manajan ya fito, ya kalli rabin bidiyon ya miƙo mini wayata, ya ce ƙila a wurin duba kaya na filin jirgi aka buɗe. Ni ban san aikin filin jirgi ba, ba kuma zan ɗora wa kowa abin da ban gani ba. Abin da na sani shi ne salatef ɗin da ke gindin kwalin irin wanda ke kan teburinsa ne, yana maganar ma ina kallonsa. Na tambayi na'urar ɗaukar hoto da ke sitonku, aka ce ta lalace. Aka ce in dawo Laraba. Duk ɗan Nima ya san Laraba ce ranar kasuwarmu, amma na rufe teburina na zo. Aka sake cewa wata Larabar. Na sake rufewa.

A zuwa na ƙarshe manajan ya tambaye ni nawa ake sayar da yadin alawayyo, ya ce don a rabu lafiya zai aika a yanko mini sabo a kasuwa. Ina jin a ganinsa kirki ya yi mini. Wani saurayi da ke jingine da buhuna ya ce da abokinsa da yaren Twi, duk wannan zirga-zirga a kan zanin gado. A Nima aka haife ni, ina jin Twi, ina jin Ga. Na yi masa uzuri, don bai sani ba. Amma da manajan ya ce ƙila ma ɗan'uwana bai sa komai a ciki ba, bidiyo kowa na iya shiryawa, a nan ne na kasa riƙe hawayena. Yaron da ya yi shekaru yana kwana da yadin nan a ƙarƙashin matashinsa don kada ɓera ko abokin ɗaki ya taɓa, shi ake cewa bai sa ba. Maganar ta fito daga ofishinka ta shigo lungu, yanzu har a cikin dangi akwai masu raɗa ko Fuseini ya je Makkar ma. Ya daina kira ta bidiyo. Ya ce ba zai iya kallon Mma ba.

Alhaji, ban ga kowa da idona ba. Ban ce wane ne ya ɗauka ba, ban kuma ce da saninka aka yi ba. Zato nake, kuma na san nauyin zato. Amma kwali ya shiga hannunku a rufe da yadi, ya fito daga hannunku da jaridar Accra. Tsakanin nan da nan amanarka ce. Mutanen Zango ba don arha suke kawo maka kaya ba, akwai waɗanda suka fi ka arha a gari. Suna kawowa ne don suna ganinka a sahun gaba ranar Juma'a, suna kuma tuna wadda ta haife ka.

Kada ka ce a nemi wani yadin. An nema. Wata Hajiya a Kotobabi da ta ji labari ta zo har gida da nata, wanda ta wanke da Zamzam da hannunta, ta ce Mma ta riƙe, ita in Allah ya yarda za ta sake komawa. Mma ta yi godiya har da hawaye, ta mayar mata. Ta ce ba Zamzam ɗin kaɗai ba ne. Rabin yadinta yana jikin Malam a makabarta, ita sauran rabin take so. Masu zuwa Umara za su iya kawo mana farin yadi ko nawa ne. Babu wanda zai iya kawo mana sauran bandir ɗin Baba sai wanda ya tsaga kwalin nan.

Zan gaya maka abin da ke damunta yanzu, don ka san irin matar da aka yi wa haka. Ba kanta take ji ba. Tunaninta shi ne wanda ya ɗauka bai san ko mene ne ba. Ƙila ya zare wayar ya ga yadi mai kyau, ya kai wa tela an ɗinka masa farar riga, yana sawa yana yawo da likkafanin tsohuwa a jikinsa. Wannan ke hana ta sukuni. Ta ce ɗan wani ne, uwarsa ba za ta so haka ba. Ta ce ta yafe masa tun ranar, don kada a tsare shi gobe kiyama saboda ita. Ta yafe, amma ba ta daina jira ba. Duk wanda ya yi sallama a ƙofa sai ta ɗaga kai daga matashi ta dubi hannunsa.

Ni kuma ga abin da na koma. Ranar Juma'a ina tsayawa bakin lungu ina kallon bakin rigunan maza masu farare, ko zan ga jan tabo. Ina kallon labulen ƙofofin mutane, ina kallon shanyar da ake yi a bakin gota. Rannan na bi wata mata har ƙofar gidanta saboda farin ƙyallen da ta rufe tiren burodinta da shi. Da ta juyo ta tambaye ni lafiya, sai na sayi burodin da ba na buƙata. Ni mace ce mai 'ya'ya da sana'a, ban saba da wannan ba, kuma ina jin kunyarsa.

Ga abin da nake roƙo.

Na farko, ka tara ma'aikatanka duka, na kanta da na sito da direbobi da masu lodi, a karanta musu wannan wasiƙa. A fassara da Twi da Ga ga wanda ba ya jin Hausa. Cikinsu akwai waɗanda ba Musulmi ba, ba lallai su san abin da muke yi da farin yadi ba. A gaya musu a fili. Ina kyautata zaton wanda ya ɗauka, idan ya ji, zai dawo da shi.

Na biyu, wayar ta zama tasa. Na faɗa a gaban duk mai karanta wannan, Fuseini ma ya amince: mun ba shi, halal. Ba za mu je wurin 'yan sanda ba, ba ma son sanin sunansa. Ina kuma roƙonka kada ka kori wani talakan mai lodi don kawai a rufe mini baki. Korar mutum ba za ta rufe Mma ba.

Na uku, hanyar dawowa da shi. Ya sa a baƙar leda ya ajiye a bayan butocin alwala a masallacin lungunmu, wanda manajanka ya san kwatancensa tunda yana cikin takardar da na sa wa hannu. Ko ya ba ka, kai ka kawo. Liman ya yi alkawari ba zai tambayi kowa komai ba, ba zai ma ɗaga kai ba.

Na huɗu, ko a wane hali yake a kawo shi. Idan an yanka, a kawo guntayen. Idan an ɗinka, a kawo rigar, 'yar tela ce ni, zan farke ɗinkin zare zare. Idan an goge mota da shi, zan wanke. Idan kuma an jefar, a gaya mini a wace bola, ni zan je in tona da hannuna. A dai duba kusurwa mai jan yatsa, kada a yar da ita.

Na biyar, ka gyara aikinka don na baya. Ka keɓe ɗan ɗaki ko labule inda mutum zai buɗe kayansa ba a kan idon jama'a ba. Ka gaya wa wakilanka, idan mutum ya faɗi abu da baki don ya kasa rubutawa, su su rubuta. Da mutanenmu kake ciniki, ka san akwai abin da ba ma iya furtawa, balle mu sa a takarda.

Na ƙarshe, ka zo ka gaishe ta. Ko yadin bai samu ba, ka zo. Ba za ta yi maka faɗa ba, ba ta da numfashin faɗa. Tana tambayata ko ka san ba ta da lafiya, ni kuma ina cewa ka yi tafiya, kamar yadda ake ce mini.

Ina roƙon Allah ya tsare maka dukiyarka daga haram, ya kiyaye motocinka da jiragen da ke ɗauko kayanka, ya ba ka ma'aikata masu amana. Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ya haskaka kabarinta, ya saka mata da zaman lafiyar da ta yi da uwata a rumfa. Allah ya sa ranar da za a rufe ka, a rufe ka da abin da ka zaɓa, cikin hannun 'ya'yanka. Wanda ya tsaga kwalin kuma, Allah ya shirye shi, ya buɗa masa ta hanyar da ba sai ya taɓa kayan wani ba.

Na karanta wa Mma wasiƙar nan kafin in fitar da ita. Ta sa na cire wurare biyu da ta ce sun yi zafi, ta kuma ce in ƙara abu ɗaya. Idan mai kawo yadin ya shigo lungunmu ya tarar an kafa rumfa an jera bencin zaman makoki, kada kunya ta sa ya juya da shi ya ɓoye. Ya miƙa wa Liman. Ta ce a Agbogbloshie ta sha ganin 'yan kayayo, 'yan matan nan masu dakon kaya a ka da ke zuwa daga arewa, ɗaya ta rasu babu kowa nata, a yi ta zagaya rumfuna ana neman abin rufe ta. A ajiye wa ta farkon da Allah ya kira. Ta ce yadin ya riga ya je Makka, bai kamata ya ƙare a labule ba.

Na rubuta don ta ce in rubuta. Amma ni, Yaya Alhaji, ita nake so yadin ya iske. Ta sa na share gindin akwatin, na shimfiɗa takarda mai tsabta, na zuba kanumfari, wurin yana nan a buɗe. Jiya ko rabin kofin koko ba ta iya shanyewa ba. Don Allah, don darajar wadda ta haife ka, ka yi sauri.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Salamatu 'yar Mma Adiza mai albasa,
Maamobi, Accra.